Shekarun da Baba Ya Rantse a Kansu

Kuɗin motar da na fara tafiya ci-rani da su, akuyar Inna ce. Ja ce, har da ciki, ta sa aka kai ta kasuwar Gwarzo aka sayar, ta kwance mini kuɗin daga bakin zane a zaure tana gargaɗina kar in ci abincin da ban ga dahuwarsa ba. Kai mai wayar nan, ajiye ta. Ku kuka ce in gaya muku yadda aka yi tela yake da takardar aikin asibiti, to ku saurara.

Ibadan na nufa, mu Badun muke cewa. Sana'ata ɗinkin yawo, keke a kafaɗa, almakashi a hannu ina kaɗawa, mai yagaggen wando ya ji ya kira ni. Shekara goma sha tara ina wannan, rani in tafi, ruwa ya sauka in dawo gona. Ku dubi kafaɗata ta dama, ai kun ga ta fi ta hagu zubowa. A can ba mai tambayar sunanka, kowa Aboki ne. Matar da muke haya a gidanta landiledi ake ce mata, mu kuwa muka mayar da ita Ladidi, kuma tana amsawa. Masifaffiya ce ta ƙin ƙarawa. Wata rana ta tare ni wai kekena ne ke shanye wutar gidan.

Na ce, "Mama, da hannu fa ake juya shi."

Ta ce, "To hannun naka da me yake aiki?"

Wallahi, sai da na yi mata facin labule kyauta aka zauna lafiya.

Ina can ina wannan shirme aka kira ni daga gida. 'Yata Nafisa, shekararta huɗu, zazzaɓi ya kama ta har ta fara jijjiga. Kun san ɗakin shan maganin nan na ƙauyenmu, bayan Gammo. Gini yana nan, ma'aikaci ne babu, awaki ke kwana a barandarsa. Matata Sa'a ta goya ta a babur za su Gwarzo, yarinya ta cika a bayanta tun ba su hau kwalta ba, ba ta ma sani ba sai da aka kwance goyon. Na iso an yi kwana biyu da binne ta. Ban taɓa jin na tsani sana'ata ba sai ranar.

Ina da takardar sakandare a ƙasan akwati, shekarata arba'in da ɗaya. Na ce zan koma makaranta in koyi aikin lafiya, in zo in buɗe ɗakin nan da hannuna. Abokaina suka yi ta dariya, wai furfura za ta shiga aji. Sa'a ce kawai ta ce in je, ita za ta riƙe gida.

Akwai wata makarantar kuɗi a Badun da ta yarda ta ɗauke ni, amma sai na kawo takardar haihuwa. Mu da aka haifa a ɗaki, ina muka ga wannan? Aka ce sai dai afidabit, wato ka kai wani babba naka kotu ya rantse cewa a shekara kaza aka haife ka. Babana kuwa, wasunku sun riske shi, malami ne, shi ke limancin masallacin unguwarmu tun kafin a haifi iyayenku. Duk ɗan da aka haifa masa sai ya rubuta rana da wata da shekara a cikin bangon littafinsa. Littafin ya ɗauko, ya naɗe a rawani, muka hau mota.

A bakin kotu akwai masu buga takarda a gindin bishiya. Wanda muka samu bai tambaye ni shekarata nawa ba, cewa ya yi, "Nawa za a sa?"

Na ce ban gane ba. Ya yi dariya ya ce kowa ragewa yake yi, masu neman aikin gwamnati har goma suke zubarwa. Baba ya buɗe littafi ya nuna masa rubutun, mutumin ko kallo bai yi ba, ni yake duba. Baba ma ya juyo yana dubana. Shi zai ɗaga hannu ya rantse, ba ni ba. Ta ina zan buɗe baki in ce wa limamin gari ya rantse a kan ƙarya? Na ce a sa yadda take.

Mai bugun ya ce, "Malam, wannan takardar makaranta za ta shigar da kai, amma ba za ta ba ka aiki ba."

Na ce a raina, ji ɗan duniya. Har alfahari na yi a hanyar dawowa, kun ji wautata.

Karatu kuma, kar ku so ku gani. 'Yan ajinmu duk na haife su, Dadi suke kirana, wato Baba da Turanci. Ga samista, wato zangon karatu, ga handawut, takardun darasi da ake saya, ga wani abu kariyoba, wato ka faɗi darasi ka goya shi zuwa baɗi. Na goya biyu a shekarar farko. Da safe aji, da yamma keke a kafaɗa. Wata malama da ba ta kai ƙanwata ba ta taɓa tsayar da ni gaban yara wai na zo da zare a wuyan riga, nan ba shagon tela ba ne. Na haɗiye. Amma ranar da aka zo koyon ɗinkin rauni ita da kanta ta kira sauran su zo su kalli hannuna. Damina uku ban zo gona ba. Sa'a ce ke tsayawa kan 'yan ƙwadago, ta sayar da kwanukanta na jere ɗaya bayan ɗaya, ba ta gaya mini ba sai da na dawo na ga bango wayam.

Na gama, na ci. Na dawo gida da takarda, mutane suka fara ce mini Likita, ina hana su ina jin daɗi. Ba a yi shekara ba aka ce za a ɗauki ma'aikatan lafiya, har da gurbin ɗakinmu. Dagaci ya sa aka rubuta wasiƙa, dattawa suka dangwala, cewa ga ɗan gari a ba shi. Na share barandar nan da kaina, na kori awakin.

Ranar tantancewa jami'in ya yi ta yaba sakamakona, sai da ya zo kan takardar haihuwa ya tsaya. Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya cire tabarau ya ce, "Malam Habu, shekarunka sun haura ƙa'idar ɗauka. Ba wanda ya ba ka shawara ne?" Na ce an ba ni. Na roƙe shi, na ba shi labarin Nafisa, ya ce abin ba a hannunsa yake ba. A layin nan akwai wanda muka yi kaciya tare, takardarsa ta ce bai kai talatin da biyar ba, kuma ya samu.

Ban iya gaya wa Baba ba, Sa'a ce ta gaya masa. Washegari da hantsi sai ga shi ya fito da rigarsa ta Juma'a, da sanda, ya ce in kai shi wurin jami'in. Na ɗauka roƙo zai yi. Muna shiga, gaban mutane, tsohon nan ya ce wa jami'in, "Ɗana, ni na yi kuskure a rubutun. Yaron nan bai kai haka ba. A mayar da ni kotu in sake rantsewa."

Ni na san bai yi kuskure ba, shi ma ya sani, jami'in ma ya gane. Ya taso daga kujerarsa ya durƙusa gaban Baba, ya ce masa shekarar ta riga ta hau kan katin ɗan ƙasa da takardun makaranta duka, ta shiga kwamfuta, ko an sake rantsuwa ba abin da za ta gyara. Baba ya ce to, Allah ya yi masa albarka. A mota kuka nake yi, ƙato da ni, na juya fuska waje. Gurbin dai wani yaro aka turo daga Birni, yana zuwa in ya samu dama.

Da aka kira magariba muka shiga masallaci, aka ta da iƙama, kowa na jiran Baba ya wuce gaba. Sai ya kama hannun na'ibinsa ya tura shi. Aka ɗauka jikinsa ne. Bayan an sallame na same shi na ce, Baba, ai ba ka rantse ba.

Ya ce, "Na faɗa da bakina, Habu, kuma da an kai ni da na rantse. Mai irin wannan ba ya shiga gaban mutane."

Dattawa sun yi ta zuwa ba shi baki, malamai abokansa sun zo har daga Kabo suna ce masa ƙofar tuba a buɗe take. Ya ce ya sani, yana kuma tuba, amma limanci ya bari. Shekara biyu ya ƙara a duniya, kullum a sahun baya yake salla, can bakin ƙofa wurin takalma. Ni nake tsayawa kusa da shi, don in riƙe masa hannu idan zai miƙe daga sujada.