Akwatin Maganin Malam Daidai

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba da rai kuma gare shi rai yake komawa.

Malam liman, shugaban kwamitin unguwa, shugabar wannan ƙaramin asibiti da ma'aikatanta, shugaban ƙungiyarmu ta magina da dattawansa, Inna, mahaifiyar marigayi kuma uwarmu duka, uwar yara, mai ɗakinsa, babbar ɗiyarsa Malama da ƙannenta, ƙanensa Dogo, abokan aiki, maƙwabta, da duk wanda ya rufe wurin sana'arsa ya zo: assalamu alaikum. Sannunku da zuwa, sannunmu da haƙuri.

Ku yafe mini, zan dafa teburin nan ina magana. Shekara ashirin da shida ina durƙushe ina shimfiɗa tayil, gwiwoyina sun daina jin maganata. Kuma ba don na iya jawabi aka zaɓe ni ba. An duba cikinmu aka ga ni na fi kowa daɗewa ina shan faɗan marigayi, sai aka ce to kai ka fi saninsa, tashi.

Gaskiya na gaji, jama'a. Yau mako biyar da rasuwarsa, kuma mako biyar ke nan ina ɗauke da saƙon da ya bar mini zuwa ga mutum ɗaya da ke zaune a ɗakin nan, na kasa isarwa. Yau zan sauke shi. Amma bari in fara da wanda muka rasa.

Ku dubi ƙasan da kuke takawa. Ku bi layin tayil ɗin nan da ido daga ƙofa har bangon can, ku gani ko akwai inda ya kauce. Wannan aikinsa ne na ƙarshe, kuma kyauta ya yi wa unguwa, a ranakun da ya kamata ya miƙe ƙafa ya huta.

Ya kasance mutum mai awo. Ba ya gama layi sai ya ɗora ma'auni ya tambaye ka, “Daidai ne?” Idan ka ce daidai ne, sai ya ce, “Idonka ne ya faɗa maka ko ma'auni?” Daga nan sunan Malam Daidai ya bi shi, har wasunmu suka manta sunansa na gaskiya. Uwar yara tana nan, a tambaye ta: ko labule aka rataya a gida sai ya zo ya karkata kai yana dubawa.

Wata shekara mun yi kwana uku muna shimfiɗa falon wani mutum, saura kaɗan mu gama, sai ya ja zare ya ga layin ya kauce da faɗin yatsa. Mai gidan ya ce a bari, ai kujera za ta rufe wurin. Malam ya ce, “Ranka ya daɗe, kujera ana ɗauke ta. Ni na ja zaren farko, ni na kauce tun daga bango, duk abin da muka ɗora a kai karkatacce ne. A ɓamɓare.” Ni na fi kowa gunaguni ranar. Ya dube ni ya ce, “Ka ji haushi? To ji haushin kana ɓamɓarewa.” Muka cire aikin kwana uku da hannunmu, shi ne a gaba da guduma. Ku riƙe mini wannan labarin, zan dawo kansa.

Ya kasance mai amsa kiran unguwa. Bayan gidan makarantar yaranmu shi ya gyara. Wurin alwalar masallaci, inda tsofaffi suka yi ta zamewa, shi ya sake masa tayil mai kaushi, kuma tun daga nan ba wanda ya sake faɗuwa. Maza nawa ne a ɗakin nan suke ciyar da iyali da sana'ar da ya koya musu? Ba sai kun ɗaga hannu ba, mun san juna.

Ya kasance mai kula da jikinmu fiye da yadda muke kula da shi, kuma a nan maganar take yi mini nauyi. Aikinmu aikin ciwo ne. Gwiwa tana ciwo saboda durƙuso, kai yana ciwo saboda ƙarar injin yanka, ƙurar tayil kuma tana saka mura. Malam ba ya son ganin mutum yana aiki yana nishi, sai ya haɗa ɗan akwatin katako mai gida uku, ya ajiye cikin kayan aiki. Gida na farko farar ƙwaya, ta gwiwa da baya. Na biyu mai jan kwali, ta ciwon kai. Na uku mai rawayan kwali, ta mura. Dukansu irin waɗanda kowa ke saya a kemis ba tare da takardar likita ba. Ni ake aika in sayo idan sun ƙare.

Akwatin yana da doka, kuma ba wanda ya isa ya taka ta: kada ka wuce biyu daga gida ɗaya a lokaci guda. Na taɓa ganin ya ƙwace ta uku daga tafin wani, yana cewa, “Kashe kanka za ka yi? Magani ma awo ne da shi.” Amma idan gwiwa da kai da mura suka haɗu maka rana ɗaya, sai ka ɗauki biyu nan, biyu nan, biyu nan, ka kora da ruwa, ba ka saɓa doka ba. Ciwo uku, magani uku. Haka muka ɗauka, dukanmu, shekara da shekaru. Mu masu duba launin tayil, launin kwali muka duba.

Da aka zo aikin ɗakin nan, mura mai zazzaɓi ta kama shi. Ya ce ya yi wa shugabar asibiti alkawarin gamawa kafin ranar awon masu juna biyu, don kada mata su ci gaba da zama a waje cikin rana. Abinci ya fita ransa, sai ruwan shayi. Kwana shida yana buɗe gidajen nan uku da safe, da rana, da yamma. Rana ta biyar ya yi amai a bayan ginin nan, ya dawo yana dafe da gefen cikinsa na dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Na ce, “Malam, mu tashi haka nan.” Ya ce, “Saura layi huɗu. Miƙo mini fara biyu, cikin nan ya dame ni.” Ni na buɗe akwatin, ni na zuba masa a tafi. Ina so ku ji wannan daga bakina.

Abin da ya fi cin raina shi ne, a cikin asibiti muke aikin. Ma'aikatan jinya suna wucewa ta gefenmu suna yi mana sannu, ba wanda ya yi tunanin tambayarsu, domin a ganinmu ƙwayar ciwon kai ba abin tambayar likita ba ce.

Rana ta bakwai uwar yara ta ga idonsa ya yi rawaya, yana kiran ɗiyarsa da sunan ƙanwarta. Aka kai shi babban asibiti. Likita ya tambayi abin da yake sha, muka ce ba komai, sai maganin ciwon jiki. Ya ce a kawo kwalayen. Malama ce ta ɗauko. Likita ya jera su a kan tebur, ya juya bayansu, ya ɗora yatsa a kan ƙananan rubutu. Fara: farasitamol. Ja: farasitamol da ɗan wani abu. Rawaya: farasitamol da maganin toshewar hanci. Ya ce magani ne mai kyau idan an tsaya a ma'auninsa, amma babban mutum mai lafiya kada ya wuce irin ƙwayar nan takwas a yini da kwana, duk kwalayen a haɗe, wanda ba ya cin abinci kuwa ko takwas ɗin ta yi masa yawa. Malam goma sha takwas yake sha. Likita ya ce hanta ce take tace maganin, kuma ba ta yin ƙara da wuri, sai ɓarna ta yi nisa. Ya ce akwai abin da ke karya dafin idan an zo da wuri. Mu ba mu zo da wuri ba.

Kwana biyu kafin ya cika, da hantsi, hankalinsa ya ɗan dawo. Ni da Malama ne a gefen gadon, Dogo ya tafi karɓo sakamakon jini. Ya tambayi abin da ya same shi. Malama ba ta ɓoye ba, ta ɗaga masa kwalayen ɗaya bayan ɗaya, tana nuna masa kalmar nan guda. Ya daɗe yana kallo, kamar yadda yake kallon ma'auni. Sannan ya ce, a hankali, “Ashe tun daga bango na kauce.” Ya juyo gare ni ya ce, “Ka gaya wa Dogo, ni na ja zaren. A ɓamɓare.” Bayan wannan bai sake maganar da muka gane ba.

Dogo, ƙanena, wannan shi ne saƙonka, kuma ka yafe mini da na riƙe shi mako biyar. Sau uku ina zuwa ƙofarka ina komawa. Ranar da aka raba kayan aikin yayanka ka ɗauki akwatin nan ka rungume, da Malama ta fara yi maka bayani sai ka ce, “Yaya bai taɓa kuskuren awo ba. Kwanansa ne ya ƙare, likitoci neman abin faɗa suke.” Ina wurin, na ji. Na kasa tsayawa gabanka in ce yayanka ya yi kuskure, balle in ce ni na miƙa masa. Rashin ƙarfin hali ne, ba na neman masa wani suna.

Kwanansa ya ƙare, wannan gaskiya ne, ba mai jayayya da hukuncin Allah. Amma kai ka ƙarasa layi huɗun nan na bakin ƙofa, kai ke kan injin yanka yanzu, murar ƙura ba ta sake ka ba. Jiya da rana, muna hutawa a wurin aiki, na ga ka juya mana baya ka buɗe gidajen nan uku. Na ƙirga, shida ne. Kuma na ga ka ture kwanon abincinka ba ka taɓa ba. Shi ya sa na ce yau sai na faɗa, a gaban Inna, tunda a keɓe na kasa.

Ba rage masa daraja na zo yi ba. Mutumin da ya ɓamɓare aikin kwana uku saboda faɗin yatsa, kana ganin zai so a bar kuskurensa a ci gaba da ɗora rayuka a kai don kawai a ce bai taɓa kuskure ba? Kai ka fi ni saninsa. Da yana nan, da shi zai fara ɗaukar guduma.

Inna, 'ya'ya maza biyu kika haifa. Mun mayar miki da ɗaya a kwance, ba mu da fuskar da za mu sake zuwa miki da irin wannan labari. Ki yi masa magana, ke yake ji. Uwar yara, ki yafe mana. Kullum kina cewa a tabbatar ya ci abinci, mu kuwa ƙwaya muka tabbatar ya sha. Malama, 'yata, ke kika karanta abin da mu manya ba mu juya kwali muka duba ba. Allah ya yi miki albarka.

Jama'a, duk gidan da ke nan akwai irin kwalayen nan a kan taga ko cikin jaka. Ban ce ku zubar ba, ni ba likita ba ne. Ku juya bayansu ku duba, wanda bai iya karatu ba ya ba ɗansa ko mai kemis ya karanta masa. Idan suna ɗaya ne a ciki, to magani ɗaya ne, komai bambancin launi. Ciwon da ya ƙi tafiya kuma a kawo shi nan.

Dogo, na san akwatin yana cikin jakar da ke tsakanin ƙafafunka, ba ka rabuwa da shi. Ba zan ƙwace ba.

To, ga shi ka kawo da kanka. Na gode. Ajiye shi nan kan tebur, kusa da hannuna. A'a, kada ka koma ka zauna. Shugabar asibiti ta ce duk wanda ya taɓa sa hannu cikin akwatin nan za a ɗebi jininsa yau, a aika a duba hantarsa. Mu bakwai ne. Ni ma ban je ba, tsoro nake ji, shi ya sa nake so ka tsaya kusa da ni.

Mun gode wa malam liman, mun gode wa shugabanni, mun gode wa ma'aikatan asibitin nan da suka ba mu ɗaki, da maƙwabtan da ba su bar gidan marigayi ya yi shiru ba.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Malam Daidai. Ka yafe masa inda ya kauce bai sani ba, ka yafe mana inda muka gani muka yi shiru. Ka sanya kowane taku da mai ciwo zai yi a kan ƙasan nan ya zama haske a kabarinsa. Ka ba Inna haƙuri, ka rufa wa uwar yara da 'ya'yanta asiri, ka bar wa Inna ɗanta da ya rage. Idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.

Zo mu je, Dogo. Ga ƙofar ɗakin ɗibar jinin can, taku goma ne a kan layin yayanka. Riƙe ni, gwiwar nan ba za ta kai ni ni kaɗai ba.