Maman Nuriyya

A tashar Goronyo, ana jiran motar Wurno ta cika. Wani dattijo mai rawani ya leƙa wayar budurwar da ke gefensa.

"Ɗiyata, mi kike rubutawa?"

"Wani fim na sunka ƙare ba daɗi, Baba. Ni ka ci gaba da labarin a guruf ɗinmu."

"Shirmen soyayya! Ɓata lokaci."

"Ai yau zan gama. Kashe Dakta Yazid zan yi."

"Subhanallahi! Bai ko ga ɗiyatai ba!"

Ta dube shi.

"Baba, guruf ɗin na mata zalla na. Da wane suna kake ciki?"

"Maman Nuriyya."

"Mai gyara mani Larabci kullum? Wallahi hidda ka zan yi."

"Hidda ni. Amma ki bari shi ga ɗiyar tukuna."