Maza Biyu a Keji Ɗaya

Sun ƙyanƙyashe! Ka yi mini afuwa, malam mai gabatarwa, murna ta riga sallama fitowa. Assalamu alaikum daga Gwandu.

Jikata Hadiza ta ƙwallafa rai a kan ƙananan akun nan masu tukku, na yi mata alkawarin 'ya'yansu. Na je Kalgo wajen Garba mai tsuntsaye, wanda gidansu da namu amana ce tun zuwan Turawa. Na sayi guda biyu. Ya dafa ƙirji ya ce, "Baba, mace da namiji ne. Ni zan cuce ka?"

Damina ta wuce ba ƙwai, sai fito suke yi su biyu, har yarinya ta daina leƙa keji. Ashe duka maza ne. Namiji ke fito, fuskarsa rawaya fes. Mace shiru-shiru ce, da ratsi a ƙarƙashin wutsiya. Wani mutumin Malisa ya nuna mini, domin shi mata biyu Garba ya sayar masa, don kada mu samu iri. Muka yi musaya, na ba shi namiji ɗaya ya ba ni mace ɗaya, ga shi yau ƙwai sun ƙyanƙyashe.

"Baba" ɗin nan da ya kira ni har yau yana ƙona mini rai. Ina gayyatar kowa ya zo ya ga 'ya'yan, har Garba. Hadiza za ta nuna masa macen.