Na sauko da allona

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hadiza daga Briqueterie, mai sayar da atamfa a kasuwar Mokolo.

Tun ina amarya nake burin sauke Alƙur'ani, amma haihuwa da kasuwa suka tsayar da ni. Allona ya daɗe a rataye. Kunya ta hana ni komawa, don har jikokina sun wuce ni. Ranar Asabar na kai shi wurin malamar unguwarmu, ina ta shirya uzuri. Ba ta tambaye ni komai ba, sai ta ce, "Hajiya, wanke shi, ga tawada." Na wanke, na koma farko.

Ina gaida matan Messa. Duk mai allo a rataye ta sauko da shi, akwai wuri kusa da ni a tabarma.