Yatsan tela da bilten Malam Illo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma insifektan makarantu, mai unguwar Bobiel, limanmu, sabon direkta Malam Nazifi da malamansa, Hajiya Zeinabou uwar gidan marigayi da ƴaƴanta, iyayen yara maza da mata, ina gaishe ku. Ya haƙurinmu?

Sunana Alu, tela ne a Wadata. Ban taɓa zama a aji ba. Da aka ce ni zan yi magana a kan marigayi Malam Illo Bawa, tsohon direktan makarantar nan, sai da na tambaya ko an rasa mai faransanci ne. Aka ce a'a, Hajiya ce ta zaɓe ni. To Hajiya, kin san halina, ke kika jawo.

Ba zan ɓoye muku ba: ban yarda da mutumin nan ba ranar da na fara ganinsa. Lokacin lakwal ɗin nan, makarantar bokon nan tamu, rumfunan zana uku ne kawai azuzuwanta. Ya bi mu gida gida yana neman yara. Mu kuwa abin da muka sani shi ne, lakwal tana karɓar ɗa ta maido maka baƙo, mai yi maka magana da harshen da ba ka ji, yana dariya. Na ba shi ɗiyata Safiatou don mai unguwa ya sa baki, na dangwala yatsa a takarda, na ce a raina za mu gani.

Shekara ta uku, sai ga shi a bakin shagona da rana tsaka, riƙe da bilten, takardar nan da ake rubuta sakamakon yaro. Ya ce, "Baba Alu, miƙo mini babban yatsanka." Na ce, "Riga ka kawo ko duba ka zo yi?" Ya kama yatsan, ya nuna mini tabon da allurar keke ta bar mini tun ina saurayi. Ya ce, "Ranar da ka kawo Safiatou, tawada ta fito da farin layi a tsakiya. Wanga yatsa na kan bilten sumul yake, kuma ƙarami ne. Sau huɗu ke nan."

Ashe yarinyar da kanta take dangwalawa. Sai ta zo gida ta ce, "Baba, na yi ta biyu," in saya mata tsire. Ita kuwa ta arba'in da ɗaya take cikin arba'in da shida.

Na miƙe neman bulala. Ya ce, "Zauna. Laifina ne. Na aiko maka takardar da ba ka iya karantawa, a hannun wadda takardar ke magana a kanta."

Daga ranar ya kafa mana doka. Ba uba ko uwa da zai sa yatsa a bilten sai ya zo ranar Asabar ya zauna a benci gindin bishiyar bedin can, an karanta mishi da Hausa ko Zabarmanci, yaron na tsaye yana ji.

Kuna tsammanin na yarda da shi daga nan? Ko kaɗan. Na ce wanda ya iya kama ƙarya ya iya yin ta. Duk bilten da ya karanta mini, sai in hau taksi in kai wa wani mai rubuta wasiƙu a unguwar Kalley ya sake karantawa. Ƴaƴa biyar, shekara ashirin da biyu ina neman ƙaryar Malam Illo, ban samu ko ɗaya ba. Da ya ji labari bai yi fushi ba. In ya gama karatu sai ya ce, "Baba Alu, ka gaida mini mutumin Kalley."

Ya kasance mai faɗa mana mara daɗi da murya ɗaya da mai daɗi. Ya kasance in ya ce ɗanka yana barci a aji, sai ya tambaya ko ya karya kumallo, kuma sai ya jira amsa. Ya kasance ba ya barin ɗan da ya iya faransanci ya gyara wa uwarsa magana a gabansa. A bencin nan muka san ƴaƴanmu, su ma suka san idonmu na kansu. Safiatou yau ungozoma ce, da yawanku a hannunta kuka haihu.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Na ga allon ƙarfe da aka kafa da sunansa, ya yi kyau. Amma na duba gindin bedi, ban ga benci ba. Na tambaya, aka ce an kai gyara. Bencin da na zauna a kai watan jiya, me ya karye? Sannan na ji daga bana sakamako ta salula zai riƙa zuwa, da faransanci. Malam Nazifi, ɗana, ba na zarginka da mugun nufi, ban dai san ka ba tukuna. Amma tambayi duk dattijon da ke nan: in saƙo ya shigo salularsa, wa yake miƙa wa? Jikata Huda ke karanta mini nawa, tana aji huɗu a nan. Ka ga mun koma inda muka fito. Ita salula ma ba ta neman tabon yatsa.

Mai girma insifekta, a gabanka nake faɗa. Ku aiko saƙonku, ba mu hana ba, amma ku maido benci. Ranar raba bilten zan zo da Huda in zauna gindin bedi. In ba benci, ina da tabarma.

Hajiya Zeinabou, ku yi haƙuri. Yawan Asabar ɗin da ya kamata ya yi a gida, a wurinmu ya yi su. Mun ci haƙƙinku, ku yafe mana. Ku kuma ƴaƴansa, kun ji shaidar wanda ya fi kowa bincikar ubanku.

Na gode wa duk wanda ya taka ya zo. An ce za a rubuta maganata a raba. Madalla. A ajiye mini ɗaya, zan kai Kalley.

Ya Allah, ranar da za a miƙa wa kowa takardarsa, ranar da ba mai dangwala wa wani, Ka ba Malam Illo tasa a hannun dama. Ka yalwata kabarinsa, Ka jiɓinci iyalinsa, mu kuma Ka kyautata ƙarshenmu. Amin.