Rufin da Kyaftin Yake Nema

Assalamu alaikum. Shugaban kamfanin jiragen, manyan likitoci, matuƙa abokan aikin ɗana, iyalan malamar jinya da majinyacin da suka rasu tare da shi, surukata, 'yan uwa da maƙwabta, sai kuma uwar yara da ke zaune can tana harara ta: ina gaishe ku duka.

An ce in yi jawabi. Ni mai gyaran keke ne, a aji huɗu na sauka daga karatu, malamina ma ya yi hamdala. To idan magana ta karkace, ku miƙe ta.

Ɗana ya kasance yaro mai kallon sama. Gidanmu yana daidai hanyar da jirage ke bi idan za su sauka. Sai in aike shi ya miƙo sifana, in tarar da shi a tsakar gida baki buɗe. Da na koya masa keke na ce: "Hawa ba wuya, sauka ce aiki." Iyakar ilimin da na ba shi ke nan, sauran na malamai ne.

Ya kasance matuƙin ƙaramin jirgi mai kai magani ƙauyukan da mota ba ta shiga, ya dawo da marasa lafiya. Mu nan unguwa mun san mata da yaran da ke raye saboda shi. Duk da haka, kafin ya tashi sai na buga waya: "Kyaftin, ka duba iskar taya?"

"Baba, jirgi ne fa."

"To a kan me yake sauka, kan kujera?"

Ya kasance mai neman gida. Ya taɓa cewa daga sama duk rufi ɗaya ne, tsatsa kawai. Na hau na zana ƙatuwar ƙafar keke da farin fenti a kwanon rufinmu. Tun ranar, in zai sauka, sai ya karkaɗa fikafikai, ni kuma in kaɗa masa tsumman mai. Shekara tara muna haka.

Ranar da abin ya faru ana ruwa da iska. Na fito da tsummana, ya wuce ƙasa-ƙasa bai karkaɗa ba. Na ce, "Yau yaron nan girman kai yake ji." Ashe hannuwansa ne a cike, yana kokawa da jirgin. Bai kai filin jirgi ba. Dalili yana wajen masu bincike. Ni dai maganar can tawa ce ke damuna.

Uwar yara, ke nake wa wannan. Kin ce mu tashi daga gidan, ƙarar jirgi tana tsinka miki zuciya. Ni ma tana tsinka tawa. Amma matuƙan nan sun faɗa mini har yau da zanen nan suke gane sun kusa sauka. Na roƙe ki mu zauna. Jama'a, ba ta amsa ba tukuna. Sai dai jiya da na hau sabunta fentin, na leƙo na ga ita ce riƙe da tsani. Ta ce, "Ka sauko a hankali, tsoho. Ɗaya ya ishe ni."

Na sauko a hankali.

Mun gode da kuka taya mu zama. Allah Ya jiƙan su ukun, Ya ba mu haƙuri, Ya sauke duk wanda ke sama lafiya. Amin.