Gidana Mai Taya Shida da Maganar Waranti

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban ƙungiya Dakta Nasir, iyayenmu mata ƙarƙashin Hajiya Tayyiba, likitoci, injiniyoyi, malaman jami'a, da yaran da ke can baya suna yi mini dariya da Turanci, ina gaishe ku baki ɗaya. Sunana Ɗanliti, wata bakwai ke nan da zuwana ƙasar nan. A aji huɗu na tsaya, in na yi tuntuɓe a yi haƙuri. Na gode da aka ba ni lasifika, na gode da shinkafa.

Maganata uku ce.

Ta farko, da na ji kuɗin hayar gida a garin Laurel, sai na ce ni wayo zan yi. Na sayi tsohuwar motar nan mai ɗaki a ciki, da gado, da kicin, da banɗaki. Na ce na jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Na duba agogon da ke ƙirga tafiyarta na ga dubu ɗari da casa'in, na ce ai a Kano wannan amarya ce. Jama'a, ashe mayil ne, ba kilomita ba! Araha ba ta ado. Ku in motarku ta lalace, gida kuke komawa. Ni in motata ta lalace, gidan ne ya lalace.

Ta biyu, wata baiwar Allah Debbie ta riƙa kirana a waya kullum, wai sun daɗe suna nemana saboda warantin motata, wato in riƙa biyansu duk wata, in ta lalace su gyara. Har na yi ƙwalla. Na ce a ƙasar nan akwai mai nemana! Ina ce mata ina kwana, yaya iyali, ita tana ta maganarta. Sati uku ina gaishe ta kafin Hajiya Tayyiba ta ce, “Ɗan nan, rikodin kake gaisarwa.”

Duk da haka na sa aka turo takardun, na kai wa Oga Katung makanike a garin Beltsville. Ya sa tabarau ya karanta ƙananan rubutun, ya ce, “Ɗanliti, in ruwa ya zubo ta rufi, ba ruwansu. Abin da tsufa ya cinye, ba ruwansu. Abin da ya lalace tun kafin ka sa hannu, ba ruwansu.” Na ce, “Oga, to me ya rage?” Ya ce, “Ƙila hon.” Ya ce abin da zan ba su duk wata, in riƙa ajiyewa da kaina, in zama kamfanin kaina.

To ta uku, na zama kamfani. Ni ne manaja, ni ne kwastoma. Wata biyu ina zubi. Yau ina shigowa nan injin ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Na shigar da ƙara wurin kamfanin, manaja ya duba asusu, ya ce in yi haƙuri. Wallahi ban taɓa sanin ni ma na iya cewa ba ruwana ba sai yau.

Masu ilmi, har yanzu ban san wanne ya fi ba tsakanin waranti da asusun kai, ku ne za ku faɗa mini. Amma wannan ta jira. Motar ta mutu ne a kan jan layin 'yan kwana-kwana, inda aka hana ajiye mota, daidai bakin ƙofar nan, kuma mai gadi ya ce nan da rabin awa zai kira masu jan mota. In suka ja ta, sun tafi da gadona, da tukunyata, da fasfona. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle jinka mai taya shida. Maza goma nake roƙo, turi kawai, taku ashirin.

Allah ya ƙara wa ƙungiyar nan haɗin kai, ya shirya mana zuri'a, ya tsare bayan duk wanda zai tura. Ranka ya daɗe Dakta, a naɗe babbar riga. Na gode.